Hakeem Olajuwon: Ɗan Ikko Da Ya Fara A Sakkwato, Ya Gagari Amurka

Duk magidancin da ke zaune a Ojo, ko Agege, ko Idi-Araba, wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 1994, ba zai manta da daren 21 ga watan Yuni ba. A daren nan ne marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya jefa wa Bulgeriya ƙwallo a birnin Dallas na ƙasar Amurka, ya shiga cikin raga ya riƙe ta yana kuka. Wannan ita ce ƙwallo ta farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya, aka kuwa tashi 3 da nema. Mutanen Alaba Rago da Okokomaiko, masu talabijin da masu rediyo, sun hana idonsu barci a wannan dare.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kashegari, watau ran 22 ga wata, a cikin wannan jiha ta Texas, a wani birni mai suna Houston wanda bai wuce tafiyar mil 240 daga Dallas ba, wani ɗan Nijeriya ya ɗaga kofin da ya fi kowane kofi daraja a wasan ƙwallon kwando na duniya. Sunansa Hakeem Olajuwon. Shi da Yekini sa'o'in juna ne, domin duk a 1963 aka haife su. Amma shi Yekini ko yaro ƙarami ya ji labarinsa, shi kuwa Hakeem sai ka zaga gidajen kallon ƙwallo na Ojo kakaf ba ka sami samari biyar da za su iya gaya maka abin da ya yi ba. Bai kamata a bar labarinsa ya ɓace ba, musamman ga mutanen Arewa mazauna Kudu, domin labari ne na baƙo a ƙasar wasu, kuma farkonsa yana da ƙafa a Sakkwato.

Daga Ikko Zuwa Sakkwato

An haifi Hakeem a birnin Ikko ran 21 ga watan Janairu na 1963. Iyayensa Yarbawa ne Musulmi, sana'arsu sayar da siminti. Sa'ad da yake yaro bai san wani abu wai shi ƙwallon kwando ba. Ƙwallon ƙafa ya sani kamar kowane yaron Ikko, kuma saboda tsawonsa sai aka riƙa sa shi gola. Da ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke nan Ikko, sai ya koma ga ƙwallon hannu, ya kuwa ƙware.

Yana da kimanin shekara 15 aka shirya bikin wasannin makarantun horon malamai na ƙasa duka a Sakkwato. Ƙwallon hannu ce ta sa aka zaɓe shi cikin masu tafiya. Wani ɗan makarantarsu ne ya lura cewa ga dogon yaro ana asararsa, ya je ya roƙi mai koyar da 'yan ƙwallon kwando ya gwada shi. Aka ba shi dama ya yi wasa biyu, da na hannu da na kwando. Daga wannan tafiya ta Sakkwato ne ya rungumi kwando, bai sake waiwayen ƙwallon hannu ba.

Masana wannan wasa sun sha faɗi cewa fara wasan da ya yi a makare alheri ya zame masa. Yawancin dogayen mutane sukan yi nauyin jiki, ƙafafunsu ba su da sauri. Shi kuwa tsaron gida ya koya masa tsalle da sanin lokacin da za a kai wa ƙwallo hannu, ƙwallon ƙafa ta koya masa yaudarar abokin karawa da taku, ƙwallon hannu kuma ta ba shi ƙarfin damtse. Shi da kansa ya sha ambaton haka. Ba a jima ba aka sa shi cikin ƙungiyar samarin Nijeriya, a can ne wani Ba'amurke mai koyar da wasa, Christopher Pond, ya gan shi, ya haɗa shi da Guy Lewis, mai koyar da 'yan wasan Jami'ar Houston.

Baƙo A Houston

A 1980 ya bar gida, yana ɗan shekara 17. Jirgi ya sauke shi a New York, sanyin garin ya buge shi, ya ga ba zai iya ba, ya wuce Houston inda yanayin ya yi kama da na Ikko. Da ya sauka a filin jirgin sama babu wanda ya zo tarbarsa. Da ya buga waya jami'ar, sai aka ce masa ya ɗauki tasi ya zo. Duk wanda ya taɓa saukowa daga bayan tirela a Alaba Rago ko Mile 12 da ɗan ƙunshin kayansa, bai san gabas ba bai san yamma ba, ya san yadda wannan rana take.

Shekararsa ta farko ko wasa ɗaya bai buga wa jami'ar ba. A ta biyu ma daga benci yake tasowa. Ga shi siriri, ga shi bai gama sanin dokokin wasan ba, kullum alƙali na busa masa laifi. Abin da ya gyara shi shi ne wani zauren wasa na unguwa mai suna Fonde, inda gwanayen garin ke taruwa lokacin hutu. A can ya riƙa karawa da Moses Malone, wanda a lokacin yana cikin manyan zakarun Amurka. Malone bai raga masa ba ko kaɗan, ture shi yake yi kamar buhu. Hakeem ya jure, kuma daga baya ya ce wannan dukan ne ya mai da shi ɗan wasa.

Ƙungiyar jami'ar, tare da shi (da abokinsa Clyde Drexler a karon farko), ta kai wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka sau biyu a jere, amma duk ba ta dace ba. A 1983 Jami'ar Jihar North Carolina ta cinye su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe. Duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar, abin da ba safai ake yi wa wanda aka kayar ba. A 1984 kuma Jami'ar Georgetown ta doke su, a ƙarƙashin wani dogon saurayi haifaffen Jamaika mai suna Patrick Ewing. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin za a sake gamuwa da shi.

Shekarar Zaɓen Gwanaye

A ƙasar Amurka kulob ba ya zuwa ya sayi yaro yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Kowace shekara akan jera samarin da suka fito daga jami'o'i, kulob-kulob na babbar gasar da ake kira NBA su riƙa zaɓa bi da bi. A zaɓen 1984 Houston Rockets ce ke da hannun farko, ta kuwa ɗauki Hakeem. Na biyu shi ne Sam Bowie, wanda ciwon ƙafa ya hana shi yin abin kirki. Na uku shi ne Michael Jordan. Na biyar Charles Barkley, na 16 kuma John Stockton. Har yau ana zargin kulob ɗin Portland da wautar barin Jordan ta ɗauki Bowie, amma da wuya a ji wanda ya zargi Houston da ɗaukar ɗan Ikko. Wannan kaɗai ya isa shaida.

Rockets suka haɗa shi da wani wanda ya fi shi tsawo, Ralph Sampson, mai ƙafa 7 da inci 4. A 1986 su biyun suka fitar da Los Angeles Lakers ta su Magic Johnson da Kareem Abdul-Jabbar, sa'an nan suka sha kashi 4 da 2 a hannun Boston Celtics ta Larry Bird a wasan ƙarshe. Kowa ya ɗauka kofi ya kusa. Ashe da sauran shekara takwas. Gwiwar Sampson ta lalace, aka kori wasu 'yan wasan kulob ɗin saboda shan ƙwaya, aka bar Hakeem shi kaɗai yana ɗaukar kaya.

A waɗannan shekaru ba a san shi da haƙuri ba. Saurin fushi gare shi, ya sha kai wa abokan karawa naushi, ya sha yin cacar baki da alƙalai. A 1992 ma rigima ta ɓarke tsakaninsa da shugabannin kulob a kan kwantiragi, har suka zarge shi da ƙaryar ciwo, shi kuwa ya nemi a sayar da shi. Ba a sayar ba, aka sasanta.

Komawa Ga Addini

Abin da ya canja shi ba a filin wasa ya same shi ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ya koma ga addininsa da gaske, ya lizimci salla da karatun Alƙur'ani, ya je Makka. Tun zuwansa Amurka Turawa ke rubuta sunansa Akeem, a 1991 ya ce a gyara, Hakeem ne. Waɗanda suka yi wasa da shi sun shaida cewa daga nan ne fushin ya kwanta, ya fara yarda da abokan wasansa yana miƙa musu ƙwallo maimakon ya ce sai shi.

Azumi kuwa, daga baya ko wasa bai sa ya ajiye shi ba. Wasan NBA minti 48 ne na gudu, kuma kowane kulob yana buga wasa 82 a shekara kafin a shiga zagayen cin kofi. In wasa ya faɗo da rana cikin Ramadan, haka zai buga shi ba ruwa ba abinci. Azumin 1995 ya kama cikin watan Fabrairu, kuma a wannan watan ne aka zaɓe shi gwarzon wata na gasar duka. Ɗan dako a Alaba, da mai tura ruwa a Okokomaiko, da mai acaba da ke yini cikin rana da ƙishirwa, ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da wannan ke nufi.

Kofi Biyu A Jere

Shekarar wasa ta 1993 zuwa 1994 tasa ce. Shi aka zaɓa gwarzon shekara, wanda shi ne mutum na farko haifaffen wata ƙasa da ya sami wannan lamba. Shi ne gwarzon masu tsaron baya, kuma shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Kafin shi ba wanda ya taɓa haɗa ukun nan a shekara guda. A wasan ƙarshe Allah Ya sake haɗa shi da Patrick Ewing, wanda ke jagorantar New York Knicks. Dokar ita ce wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ne zakara. New York ta ci uku, saura ɗaya ta ɗauki kofi. A wasa na shida, ana saura daƙiƙoƙi a tashi, John Starks na New York ya ɗaga hannu zai jefa ƙwallon da za ta ba su kofin, sai Hakeem ya miƙa dogon hannunsa ya taɓa ta da ɗan yatsa, ta kauce. Aka tashi 86 da 84. A wasa na bakwai Houston ta ci 90 da 84. Bashin 1984 ya biyu bayan shekara goma cif.

Shekarar da ta biyo ta fi ban mamaki. Houston ta ƙare a matsayi na shida a ɓangarenta, kowa ya fid da rai. Aka kawo masa tsohon abokinsa Drexler a watan Fabrairu. Suka fitar da Utah ta Karl Malone da Stockton, suka fitar da Phoenix ta Barkley, sa'an nan suka gamu da San Antonio ta David Robinson, wanda aka ba lambar gwarzon shekara a gaban idon Hakeem. Abin da ya yi wa Robinson a waɗannan wasanni har yau ana nuna wa yara shi. Zai juya dama, Robinson ya bi, ya juya hagu, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa, Robinson ya yi tsalle a banza, shi kuwa ya zille ya zura ta cikin kwando. Amurkawa suna yi masa laƙabi da The Dream, watau Mafarki, wannan taku kuma suna kiransa Dream Shake. A wasan ƙarshe suka share Orlando Magic ta Shaquille O'Neal 4 da nema.

Akwai masu cewa ai don Jordan ya bar wasa a 1993 ne hanya ta buɗe masa. Gaskiya ne Jordan bai buga a 1994 ba. Amma ya dawo a watan Maris na 1995, kuma Orlando ɗin nan da Hakeem ya share ita ce ta fitar da Jordan a wannan shekara.

A 2001 aka mai da shi Toronto, ya yi shekara guda ya ajiye wasa a 2002, bayan shekara 18 a gasar. Ya ci maki 26,946. Ya tare ƙwallon abokan karawa sau 3,830, kuma har yanzu ba wanda ya kamo shi a wannan. Houston ta jingine rigarsa mai lamba 34, ba mai sake sa ta. A 2008 aka shigar da shi zauren tunawa da gwanaye, a 2022 kuma NBA ta sa wa kofin gwarzon masu tsaron baya sunansa.

Ina Sa'o'insa?

Zamanin nan nasu na dogaye ne, kuma zamani ne mai rowar kofi. Ewing, da Barkley, da Karl Malone, da Stockton duk sun gama wasa ba su taɓa ɗaga shi ba, domin tsakanin 1991 da 1998 Jordan ya kwashe shida, Hakeem ya kwashe biyu, ba a bar wa kowa komai ba.

Mutuwa kuma ta yi ɗauki ɗai-ɗai a cikinsu. Manute Bol na Sudan, mai tsawon ƙafa 7 da inci 7, wanda ya ƙarar da dukiyarsa wajen taimakon mutanensa da yaƙi ya ɗaiɗaita, ya rasu a 2010. Moses Malone da Guy Lewis duk sun rasu a 2015. Dikembe Mutombo na Kwango, wanda ke bin Hakeem a yawan tare ƙwallo da 3,289, ya gina babban asibiti a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa, aka buɗe shi a 2007, shi kuwa ya rasu a watan Satumba na 2024 yana da shekara 58. Kobe Bryant, wanda ya je har Houston a 2009 don Hakeem ya koya masa taku, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 2020. Akwai kuma Yinka Dare, haifaffen Kano, wanda New Jersey Nets ta ɗauka a matsayi na 14 a zaɓen 1994. Wasa bai karɓe shi ba, ciwon zuciya ya ɗauke shi a 2004 yana da shekara 31 kacal.

Abin Yabo Da Abin Ƙorafi

Ba duka 'yan Nijeriya ne suka yafe masa ba a kan abu ɗaya. A 1993 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka, a 1996 kuma ya sa rigar Amurka ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta, a daidai gasar da su Kanu Nwankwo suka ciwo wa Nijeriya zinariya a ƙwallon ƙafa. Masu ƙorafi suna da hujjarsu. Amma ya kamata a tambaya, wane tanadi ƙasarsa ta yi masa, ban da tafiyar nan ta Sakkwato da 'yan watanni a ƙungiyar samari?

Ta fuskar dukiya kuwa ya bar misali. A 1995, sa'ad da takalman da ke ɗauke da sunayen gwanaye suka haura dala 100, har yara suna sata suna kashe juna a kansu, shi ya yarda kamfanin Spalding ya yi takalmi da sunansa a sayar dala 35, domin talaka ya iya saya wa 'ya'yansa. Da ya shiga cinikin filaye da gidaje a Houston, ya shahara da cewa da kuɗi hannu yake saye, ba ya cin bashin banki saboda gudun riba. Ya sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin ya mai da shi masallaci da cibiyar da'awa, aka buɗe a 2002.

Saura Yaran Unguwa

Arewa ba baƙuwar wannan wasa ba ce. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da yara. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, kuma shi ne shugaban kulob ɗin Toronto sa'ad da ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa a ƙwallon kwando. Ƙungiyar maza ta Nijeriya ta ci kofin Afirka a 2015, ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021. Ta mata kuwa ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025.

To, ina 'ya'yan 'yan Arewa da aka haifa a Ojo da Agege a cikin wannan? Dogayen samari ba su yi ƙaranci a zango ba. Sai dai tsawon nasu a dako da gadi da lodin raguna yake ƙarewa. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu fili a Ikko, kuma gaskiya ne filin ƙwallon ƙafa ya yi wuyar samu. Amma filin ƙwallon kwando mita 28 ne tsawo, 15 faɗi, da daɓen siminti da sanda biyu masu kwando a tsayin ƙafa 10. Mutum biyar-biyar ke bugawa. Harabar makarantar Islamiyya mai ɗan faɗi za ta ɗauki rabinsa, kuma ba abu ne da zai gagari ƙungiyar 'yan kasuwa ko majalisar Sarkin Hausawa ba in an yi niyya.

Uzuri na biyu shi ne tsoron iyaye cewa wasa yana ɓata yaro, ya raba shi da salla da karatu. Tsoron yana da dalili, domin an ga waɗanda suka lalace. Amma a duba hanyar da Hakeem ya bi. Ba a titi aka tsince shi ba, a makaranta aka gan shi, makaranta ce ta kai shi Sakkwato, jami'a ce ta kai shi Amurka. Da mahaifinsa ya cire shi daga aji ya zaunar da shi a shagon siminti, da ba wanda ya san da shi. Kuma mafi kyawun wasansa ya yi shi ne bayan ya riƙe salla da azumi. Lalle ba kowane dogon yaro ne zai zama Hakeem ba, cikin dubbai da ƙyar a sami ɗaya. Amma yaron da wasa ya riƙe a makaranta har ya fito da takardar sakandare bai yi asara ba, ko da bai taɓa ganin filin jirgin sama ba. Jami'ar Jihar Legas ma ga ta nan a Ojo tun 1983, ba sai an shiga jirgi ba.

Allah Ya ji ƙan Rashidi Yekini da sauran Musulmin da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa Hakeem Olajuwon lafiya, Ya kuma ba iyaye ikon lura da baiwar da Ya ajiye a jikin 'ya'yansu, amin.